Kun Tambaya, Mun Amsa: Karena Ba Ya Yin Shiru In Na Bar Gida

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi. Ina da kare namiji ɗan shekara ɗaya da rabi da na ajiye don gadi. Wata 2 ke nan da iyalina suka tafi ƙauye, kuma tun lokacin, da na tada babur zan tafi kasuwa sai ya kama haushi da kuka. Maƙwabta sun ce har azahar ba ya dainawa. Ya kankare ƙyauren gida, ya fasa leɓensa wurin cizon sarƙa. Na doke shi ya fi a ƙirga, bai canza ba. Yanzu har mai unguwa ya yi mini magana.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, ka ajiye sandar nan. Kare yana haɗa horo ne da abin da yake yi a daidai lokacin da horon ya same shi. In ka dawo da magariba ka doke shi kan haushin da ya yi da hantsi, bai san laifinsa ba. Abin da ya koya kawai shi ne dawowarka ma abin tsoro ce, sai fargabarsa ta zama biyu.

Haushin kare iri-iri ne, kowanne da maganinsa, don haka sai ka fara sanin wanda kake fama da shi. Gobe ka ɗora waya a kan taga ko katanga, ka kunna ɗaukar hoto mai motsi, ka fita yadda ka saba, ka bar ta tana ɗauka. Idan ka ga yana haushi gutsi-gutsi, kunnuwa a miƙe, fuskarsa a ƙofa, sai almajiri ko ga-ruwa ko garken awaki sun gitta yake yi, suna wucewa ya koma ya kwanta, wannan haushin gadi ne, aikin da ka ɗauke shi dominsa. Idan kuma ya fara kwanciyarsa lafiya, sai can bayan awa ɗaya ko biyu ya tashi yana haushi murya guda ba hawa ba sauka, yana tonon ƙasa, zaman banza ne ya ishe shi. Na ukun shi ne wanda wasiƙarka ta nuna: ƙarar babur ba ta gama ɓacewa ba ya fara, haushi haɗe da dogon kuka, yana haki, miyau na dalala, yana kai da kawowa a hanya ɗaya, yana neman fasa ƙofar da ka bi. Wannan fargabar kaɗaici ce. Ga wata hanya mai sauƙi ta tabbatarwa: ajiye masa tsokar nama kafin ka fita. In ka dawo ka tarar da ita yadda ka bar ta, sai da ya gan ka sannan ya ci, to tsoro ne ya hana shi. Dabbar da ke cikin firgici ba ta cin abinci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kare ne da ya tashi a tsakar gida cike da mutane, ana daka, ana wanki, yara na guje-guje, rana ɗaya gidan ya yi tsit. Bai taɓa koyon zama shi kaɗai ba. Koya masa za ka yi, kuma ga yadda ake yi.

Karenka ya haddace shirin fitarka fiye da yadda kake zato. Ƙarar makulli, sa hula, sa takalmi, turo babur zuwa zaure, kowanne yana gaya masa za a bar shi, shi ya sa tun kana ɗaki ya fara rawar jiki. Sai ka raba waɗannan alamu da tafiya. Ɗauki makulli, ka zauna ka sha shayi. Sa takalmi, ka zagaya tsakar gida, ka tuɓe. Turo babur, ka mayar da shi. Yi haka sau 5 zuwa 10 a yini har ka ga makulli na ƙara bai ko ɗaga kai ba.

Daga nan sai fita ta gwaji, kuma nan ne aikin yake. Ka fita ka ja ƙofa, ka ƙirga daƙiƙa 5, ka dawo. In bai yi kuka ba, ka yi 10, sannan 20, sannan ka koma 5, sannan 30. Cakuɗa dogo da gajere yana hana shi lissafin cewa kullum abin ƙaruwa yake. Ƙa'idar guda ce: ka dawo kafin ya fara kuka. In ya yi kuka sau biyu a jere, ka yi gaggawa, koma rabin lokacin da ya iya jurewa ka sake hawa. Kowane zama kada ya wuce minti 10 zuwa 15, sau ɗaya ko biyu a rana, misali bayan asuba da bayan isha'i. Mako na farko zai yi maka kamar ba a ci gaba, don mai yiwuwa minti 2 ko 3 kawai za ku kai. Rabin awa na farko shi ne tudun. Karen da ya iya zama minti 40 hankali kwance, ana iya ƙara masa minti 15 ko 20 a lokaci guda, daga nan sai awa-awa. Ka sa ran makonni, wani karen ma watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Inda yawancin mutane ke faɗuwa shi ne nan: su yi gwajin minti 3 da asuba, ƙarfe 8 kuma su kulle shi su tafi har magariba. Wannan kamar ɗinki ne da safe, warwara da rana. Muddin ana cikin koyarwa, a samu wanda zai riƙa zama a gidan, ko ƙanenka, ko yaron shago, ko ka kai karen gidan ɗan'uwa da ya saba da shi. Ba sai an yi masa wasa ba, jin motsin mutum ya isa. Mutane kan ce a samo masa kare na biyu. Wani lokaci yana taimako, amma sau da yawa mutum yake nema ba ɗan'uwansa kare ba, sai a wayi gari da masu haushi biyu.

In za ka fita, ban da doguwar sallama da shafa kai. In ka dawo ma ka wuce ka ajiye kayanka, sai ya natsu, ƙafafu huɗu a ƙasa, sannan ka kula shi. Kafin rana ta ɗaga, ka ja shi da igiya ku yi tafiyar minti 30, ka bar shi ya shinshina abin da yake so, don shinshine ma yana gajiyar da kare. Ka bar masa tsohuwar rigarka da ba a wanke ba, da rediyo a kunne ƙasa-ƙasa. Idan ya fara natsuwa har yana iya cin abu kai ba ka nan, ka samo masa babban ɗanyen ƙashin gwiwar sa daga mahauta, wanda ya fi ƙarfin ya haɗiye, ka riƙa ba shi lokacin fita kaɗai. Dafaffen ƙashin kaza ko zabo kuwa a'a, tsagewa yake ya soki hanji.

Sai maganar sarƙa. Gajeriyar sarƙa a turke tana ƙara wa kare haushi da faɗa. In gidanka na da katanga da ƙofa mai kyau, sake shi a ciki ya fi. In dole ne a ɗaure, kafa turaku biyu, ja waya mai kauri tsawon mita 8 zuwa 10 tsakaninsu, zura zobe, ka ɗaura masa sarƙar mita 2 mai ƙugiyar da ke juyawa don kada ta murɗe. Ka nisanta shi da katanga, domin karen da ya firgita yana iya tsallakawa sarƙa ta rataye shi. Abin wuyan ya zama na fata ko ƙyalle mai faɗi, yatsunka biyu su iya shiga. Ka kuma je ka gaya wa maƙwabta da mai unguwa abin da ka fara da tsawon lokacin da zai ɗauka. Haƙƙinsu ne, kuma wanda aka yi wa bayani ya fi haƙuri.

Wani abokina ya ce in ɓoye rabin tiramol ko ƙwayar barci cikin tuwo in ba karena, zai yi shiru har in dawo daga lakwal. Gaskiya ne? Ɗalibi daga Sabon Gari.

Ɗan'uwa, kada ka kuskura. Ƙwayar da aka auna don mutum mai kilo 60 ko 70 ba ta karen kilo 15 ba ce, kuma abin da ake sayarwa a bakin titi ba ka da tabbacin abin da ke cikinsa. Yana iya jawo masa farfaɗiya ko numfashi ya tsaya. Ko bai mutu ba, jikinsa ka kashe, tsoron yana nan. Haka farasitamol yana lalata wa kare hanta da jini, ibufurofen da diklofenak kuma suna huda masa ciki su taɓa ƙoda. Akwai magungunan fargaba na gaskiya da ake ba karnuka, irin su fulokzetin da kulomifiramin, amma likitan dabbobi ne ke rubuta su bayan ya auna nauyin karen, sai sun yi makonni kafin su fara aiki, kuma tare da koyarwar da muka bayyana a sama ake amfani da su.

Tunda ana maganar dabarun rufe baki: masu ɗaure wa kare baki da roba ko igiya su sani kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Ɗaure masa baki da rana kisa ne.

Karyata ba ta da matsala da safe ko da dare. Amma daga azahar zuwa la'asar, in na tafi wurin sana'a, ƴaƴana sun ce ba ta yin shiru. Da hunturu ba ta yi haka ba. Uwargida daga unguwar Zariya.

Hajiya, tambayarki ta zo da amsarta. Haushin da ke bin agogo da yanayi, a jiki ake nemansa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40, kuma inuwar da kika ɗaure ta ƙarƙashinta da safe ta gudu kafin azahar. Ranar da kike gida, ki duba wurin da ƙarfe 2 na rana, ki ɗora bayan hannunki kan yashin. In ba ki iya jure daƙiƙa 5 ba, ita ma tafin ƙafarta ƙuna yake.

Yi mata rumfar zana ko ta kara mai tsawo da iska ke ratsawa. Rufin kwano a ƙasa-ƙasa tanda ne. Ki yayyafa ruwa a ƙasar wurin kafin ki fita, za ki ga ta tona ta kwanta ciki a sanyi. Kare na buƙatar ruwa kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo 18 kusan lita 1, da bazara kuwa ki ninka. Kwanon ƙarfe yana ɗumama ruwa kuma sarƙa na kifar da shi. Kaskon ƙasa da aka binne rabinsa cikin yashi ya fi, kuma ki ajiye biyu. Ki duba bakin kunnuwanta, inda ƙudaje kan ci har ya yi ɓawon jini, da cikin kunne da tsakanin yatsu saboda kaska. Ranar da kika tarar tana haki ba ƙaƙƙautawa, harshe ya yi ja wur, tana tangaɗi, ki kai ta inuwa, ki zuba mata ruwan randa a ciki da hammata da cinyoyi, ki yi mata fifita, a nemi likitan dabbobi nan take.

An ba ni kwikwiyo ɗan wata ɗaya, yana kwana kuka.

An raba shi da uwa da wuri, Malam. In da hali ka mayar da shi sai ya cika mako 8. In babu, sa shi a kwali da tsummoki kusa da inda ake jin motsinku, da gorar ruwan ɗumi naɗe cikin zane, ka ciyar da shi sau 4 a yini, sannan ka riƙa matsar da kwalin kaɗan-kaɗan zuwa inda kake so ya saba. In cikinsa ya yi tulu, a ba shi maganin tsutsa gwargwadon nauyinsa. Yana cika wata 3 a yi masa allurar haukan kare.

Karenmu na gona ya yi faɗa da wani baƙon kare kusan wata guda da ya wuce. Kwana 2 ke nan muryarsa ta dishe, yana haushi ba dalili, miyau na zuba, bakinsa a buɗe kamar ƙashi ya maƙale masa. Manomi daga Tibiri.

Baba, wannan ya fita daga maganar tarbiyya. Canjin murya da dalalar miyau da sakin muƙamuƙi, makonni bayan cizon baƙon kare, alamun ciwon haukan kare ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Kada kowa ya zura hannu a bakinsa neman ƙashi, ta nan mutane da yawa ke kamuwa. A rufe shi inda ba zai fita ba, ba tare da an kama shi da hannu ba, a janye yara da dabbobi, a sanar da ma'aikatan kiwo yau. Duk wanda ya ciza, ko ya yakusa, ko miyansa ya taɓa masa rauni ko ido a kwanakin nan, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba na minti 15 cif, ya tafi gidan likita a fara masa allura ranar, ko da raunin ɗan ƙanƙane ne. Kada a jira alama ta bayyana, domin da ta bayyana a jikin mutum magani ya ƙare. Sauran karnukan gidan ma a nuna wa likitan su, a gaya masa ranar da aka yi faɗan da wanda aka taɓa yi wa allura a cikinsu.