Amsa ga ɗan yayata da ke son zuwa karatu Saudiyya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wani ya gaya maka a nan ɗalibi shi ke tsara wa kansa karatu, ya ɗauki darasin da ya ga dama, ya sauya fanni in ya gaji, yana gamawa kamfanin mai ya ɗauke shi aiki. Har kana shawarar barin gurbin injiniyan da ka samu a Zariya. Tun da aka buɗe shafin Study in Saudi, na neman gurbin karatu a nan, nake shan wannan tambayar daga gida, saboda haka zan amsa maka a fili, masu zuwa bayanka su karanta, ni ma in huta.

Wanda ya ba ka labarin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Karatun nan da awa ake lissafa shi, kowane darasi da nauyinsa, wani awa 2, wani 3, wani 4. A farkon zango ana buɗe 'yan kwanaki na cirewa da ƙarawa, ka shiga shafinka ka ajiye wannan ka ɗauki wancan. Mai maki sama ana barinsa ya ɗebi awanni da yawa, wanda ya yi ƙasa a rage masa kaya. Uzuri ya same ka, akwai hanyar ɗage zango ba tare da an rubuta maka faɗuwa ba. Kuma kalanda ba ta motsi: ranar da aka ce jarrabawa, ranar za a yi. Kai da ka ga yadda yajin aikin 2022 ya cinye wa yayyenka wata takwas, na san wannan kaɗai ya isa ya ja ranka.

Sai dai duk wannan sassaucin a cikin shinge yake. Ranar da ka shiga kulliya za a miƙa maka tsarin karatunka, yawanci mataki takwas, an jera komai, wannan darasin ba ya buɗewa sai ka ci wancan. Darussan zaɓi ba su taka kara sun karya ba. Sauya kulliya kuwa yana cikin doka, amma sai makinka ya kai, sai da gurbi, kuma kai ɗan tallafi an kawo ka ne a kan fanni guda. Ni da kaina na nemi a bar ni in ɗauki darasin lissafin kuɗi a wata kulliya, makina kuwa ba abin rainawa ba ne. Na yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan da takarda a hannu, kowa ya yi murmushi ya ce in dawo gobe in sha Allahu, a ƙarshe wani ya dubi kwamfuta ya ce darasin ba ya cikin tsarina, ya tura mini takardar ta ƙasan gilashi. Har yau abin yana ci mini rai, domin a aji ɗin akwai kujeru babu kowa.

Ga kuma hirmani, wanda ba wanda ke faɗa muku a gida. Fashinka ya wuce kashi 25 cikin ɗari a darasi, an haramta maka jarrabawarsa, ko da kai ne gwanin ajin. Kuɗin watan da ake ba ɗalibin fannin addini ko Larabci bai kai riyal 1,000 ba, mutanen gida kuwa sun ɗauka kana shara da kuɗi. Azumi na kamawa sai ka ga yaro ya bi masu Umara yana musu tafinta, yana kai su kasuwar dabino, don ya samu abin aikawa gida. Ya dawo ya buɗe shafinsa ya tarar an rufe masa darasi uku.

Maganar aiki ita ce ta fi sa ni rubuta wannan. Gaskiya ne jami'o'in nan sun ɗaure karatu da sana'a, musamman tun da aka ƙaddamar da Burin 2030, shirin gwamnati na sauya fasalin tattalin arziki, a 2016. 'Yan injiniya da kwamfuta da kasuwanci suna fita horo a kamfani kafin su gama, wasu a can ake riƙe su. Amma wannan tsanin ɗan ƙasa aka kafa wa. Tun 2011 akwai tsarin Niɗaƙat da ke tilasta wa kamfanoni cika adadin Saudawa. Iƙamarka, wato katin izinin zama, ta ɗalibi ce, ba ta ba ka izinin aiki ba, kuma kana karɓar shahada abin da ke biyo baya bizar fita ce ta ƙarshe. Wanda ya maƙale bayan haka ya zama ba shi da takarda, yana ɓuya a Shara Mansur ta Makka yana gudun kame. Ni da kake gani har yanzu a nan, karatu ne ya riƙe ni, na ci gaba mataki bayan mataki da gumina, ba wani kamfani ba.

Saboda haka lissafinka na Najeriya ne tun daga ranar farko. Ana karɓar mai neman digirin farko har zuwa shekara 25. Wanda ya shigo a haka, ya yi shekara 2 a ma'ahadin koyon Larabci, ya yi 4 a kulliya, ya wuce 30, bautar ƙasa ta wuce shi sai takardar yafewa. Kafin nan ma sai an tantance shahadarsa a Ma'aikatar Ilimi a Abuja. Wanda ya karanta Shari'a zalla ba lauya ba ne a kotunan gida. Mai son koyarwa ana nemansa da shaidar koyon malanta da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai. Likita sai ya zauna jarrabawar MDCN, hukumar likitoci ta Najeriya. Waɗanda na ga sun tsaya da ƙafafunsu bayan komawa su ne waɗanda ba su bar Turancinsu ya mutu ba, suka koyi kwamfuta da fassara a hutu, lokacin da wasu ke barci.

In injiniya kake so, zauna a Zariya ka fito da sakamako mai kyau, sannan ka nemi digiri na biyu a Jami'ar Sarki Fahad da ke Zahran, ko KAUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah, da aka buɗe a 2009 kusa da Jidda, wadda ba ta ma bayar da digirin farko. Da Turanci ake karatu a duka biyun, kuma 'yan Najeriya da dama ta wannan ƙofar suka shigo Zahran. In kuwa ilimin addini ne a ranka, wannan wata magana ce daban. Jami'ar Musulunci ta Madina tun 1961 aka kafa ta, tana ta yaye mutane, can marigayi Malam Ja'afar Mahmud Adam ya yi karatu, kuma zama a halƙar malamai a Masallacin Annabi bayan Magariba ba ya da kama a ko'ina. Amma saƙonka ban ga wannan a ciki ba, kamfanin mai na gani.

Wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, kar ka ba shi ko sisi, ba ta hannun dillali ake nema ba. Ka gaida Yaya, ka ce mata saƙon dabinonta yana hannun masu Umarar da za su taso mako mai zuwa.