Ku Tambaya, Mu Amsa: Tsofaffin Hotunan Ƙasar Bama

Kakana ya yi yaƙin Bama, ya dawo da hotunan wuraren ibadar Buda da na wata fada ta katako. Yaya zan gane shekarunsu? — Mai karatu daga Zariya

Malam, fara da takardar. In siririya ce ƙwarai, an manna ta a kwali, tana ɗan sheƙi, farinta ya koma rawaya, to irin wadda ake shafa wa farin ƙwai ce, wadda aka yi yayi daga wajen 1860 zuwa ƙarshen ƙarnin. Sa gilashin ƙara girma, za ka ga fuskarta ta yi tsaga-tsaga ƙanana. In kuwa katin wasiƙa ne da layi ya raba bayansa biyu, bai riga 1902 ba. Sai dai a kula, shekarun kati daban, na hoto daban, don shaguna sun yi ta sake buga tsofaffin hotuna. Duba kusurwa ko akwai sunan mai ɗaukar hoton, kamar Klier, Bajamushen da ya yi aiki a Rangun, ko Beato, wanda ya buɗe shago a Mandalay bayan Ingila ta kame Sarkin Bama Thibaw a 1885.

Ginin kansa ya fi takarda faɗin gaskiya. Gidan limaman Buda na Atumashi da ke Mandalay ya ƙone a 1890, saboda haka tsohon hoton da ya nuna shi a tsaye ya riga wannan shekarar. Fadar katakon, in ta Mandalay ce, ta ƙone a Maris 1945 wajen gwabzawa da Japan. Wadda ke wurin yanzu kwaikwayo ce. Ka ga abin da ke hannunka ba na wasa ba ne. Kada ka yi masa lamineshin, kada ka ɓamɓare shi daga kwalin. Sa kowanne a tasa takardar marar sinadarin asid, nesa da rana da laima.

Me ya sa hotunan Bama na 1855 ba mutane, sama kuma fara fat? — Hajiya daga Maraɗi

Hajiya, mutanen suna nan, na'urar ce ba ta kama su ba. Mai ɗaukar hotunan, Linnaeus Tripe, wanda ya bi tawagar jami'in Ingila Arthur Phayre ta kogin Irawadi zuwa fadar Sarki Mindon a Amarapura, a kan takarda yake ɗaukar hoto, kuma sai ya bar idon kyamara a buɗe na mintuna. Duk mai tafiya sai ya ɓace ko ya zama inuwa, ruwan kogi kuma ya shafe sumul. Ya ɗauki fiye da 200, aka zaɓi 120 aka buga.

Sinadarin lokacin shuɗi ya fi ji. Kafin bulon gini ya fito a hoton, sama ta riga ta sha haske har ta koma fara fat, shi ya sa Tripe yakan zana gajimare da hannu a kan nagatif, wato takardar farko da ake buga hoton daga ita. Rawaya da ja kuwa duhu suke fitowa, har da rigunan limamai da zinariyar Shwedagon, babban wurin ibadar Buda na Rangun. Ban da haka, akwai zaɓin mai ɗauka: gwamnatin mallaka ce ta aike shi, gine-gine da hanyar kogi take so a gani, ba masu garin ba.