Amsa ga ƙanwarmu mai siririyar murya

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun shekaranjiya, na bari sai na samu zama, don ba amsar da za a bayar a tsaitsaye ba ce. Kin ce shekararki 22 amma in kin ɗaga waya sai a ce ki miƙa wa mamanki. Kina son wasan kwaikwayo, Baba kuma ya ce bai yarda fuskarki ta fito a fim ba. Sannan kin ji an ce mace ce ke yin muryar yaron nan Bart na katun ɗin The Simpsons, shi ne kike son sanin ko gaskiya ne, kuma ko ana cin abinci da murya kaɗai. Na ga masu ce miki muryarki baiwa ce. Ba su yi ƙarya ba, amma ba su amsa miki ba. Ni na yi shekaru ina wasan kwaikwayo na rediyo, daga baya na ɗan taɓa ɗora murya a fina-finan fassara, to ga abin da na sani.

Gaskiya ne, mace ce. Sunanta Nancy Cartwright, an haife ta a 1957 a Dayton ta jihar Ohio a Amurka. Tun 1987 take magana da bakin yaro ɗan shekara goma, yau ga ta ta haura sittin da biyar, yaron bai ƙara ko shekara ɗaya ba. Kuma ba abin mamaki ba ne a wannan sana'a. In ka ɗauki yaro na gaske, nan da shekara uku ya balaga, muryar ta yi kauri, sai neman wani. Muryar mace baligiya kuwa tana nan inda aka bar ta. A Japan ma wata dattijuwa ce, Masako Nozawa, wadda aka haifa a 1936, take yin muryar Goku na katun ɗin Dragon Ball tun 1986.

Amma abin da nake so ki riƙe daga labarin Nancy ba Bart ba ne, kaset ne. Tana ɗaliba a jami'ar Ohio tana ɗan aikin karanta tallace-tallace a wani gidan rediyo na garinsu, sai ta samu lambar wayar Daws Butler, tsohon da ke yin muryar Yogi Bear a kamfanin katun na Hanna-Barbera. Ta kira ba ta same shi ba, ta bar masa saƙo da irin karin harshen talakawan Landan. Ya kira ta. Daga nan sai ya riƙa aiko mata takardar wasa ta gidan waya, ta karanta ta naɗa a kaset ta mayar masa, shi kuma ya saurara ya aiko mata da gyara. Kusan shekara guda suna haka, ba su haɗu ba. A 1978 ta tattara ta koma jami'ar UCLA a Los Angeles don ta kusance shi, duk Lahadi ta hau bas zuwa gidansa ɗaukar darasi. Wannan fa yarinya ce da tun tana sakandare take lashe gasar magana, har alƙalan gasar suna ce mata ta gwada muryar katun. Da baiwar take, amma sai da ta zauna aka yi ta gyara mata.

Ni ma na samu nawa tsohon, Allah ya jiƙansa. Ranar da na fara shiga situdiyo na zaci zan burge, don tun ina firamare ake yabon muryata. Aka ba ni layi huɗu na wata yarinya da aka aike ta sayen kalanzir kuɗin suka faɗi. Na karanta tsaf, babu tuntuɓe. Bai ce komai ba, sai ya mayar da faifan baya ya sa min a kunne. Wallahi kamar mai karanta sanarwar ɗaurin aure. Ya ce, "Yarinyar nan tsoron wa take ji?" Na ce mahaifiyarta. Ya ce, "To ina tsoron? Ni ban ji shi ba, kuma mai sauraro ba shi da ido." Sau goma sha wani abu na maimaita layin nan, sai da na tuna wani duka da na taɓa sha a kan batun aike, numfashina ya fara sarƙewa da kansa, sannan ya ɗaga min hannu ta bayan gilashi. Tun ranar na daina cewa ina da murya mai daɗi. Masu murya mai daɗi sun cika gari, kowane gidan biki akwai su.

Shi ya sa nake jin haushi in an ce aikin murya na waɗanda suka kasa fim ne. Nancy ɗin nan digirinta na wasan kwaikwayo ne, ta gama a 1981. A 1982 ta ja wani fim na talabijin, Marian Rose White, a 1983 ta fito a Twilight Zone: The Movie, inda abin dariya, yarinyar da ta fito a matsayinta ta ƙare ne a tarko cikin duniyar katun. Wadda ke yin muryar uwar Bart kuwa, Julie Kavner, tun 1978 ta ci kyautar Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, da fuskarta a wani shirin talabijin mai suna Rhoda. 'Yan wasa ne cikakku. Abin da wani zai yi da ido da gira da kafaɗa, su da maƙogwaro suke yinsa.

Yadda ta samu Bart ma akwai abin lura. A 1987 ta je gwaji ne don ta yi Lisa, ƙanwar yaron, lokacin The Simpsons ɗin ba komai ba ne illa 'yan gajerun katun da ake sakawa a tsakiyar shirin Tracey Ullman. Da ta karanta bayanin halayen yaran biyu, sai ta ga na yaron ya fi gishiri: fitinanne, marar jin magana, mai wayo. Ta roƙi a bar ta ta gwada shi, Matt Groening mai katun ɗin ya ba ta nan take. A Disambar 1989 ya zama shiri mai zaman kansa a tashar Fox. Don haka kada ki kulle kanki a "yarinya mai shagwaɓa" don muryarki siririya ce. Ni rawar da ta fi karɓuwa a duk abin da na yi ta wani yaro ne mai tallan rake a wani shirin wayar da kai kan rigakafi. Nancy ma ba Bart kaɗai take yi ba, ita ce Nelson mai cin zali, ita ce Ralph sakarai, a cikin shiri ɗaya, wani sa'in tana amsa wa kanta.

Batun ɓoyuwar fuska, wanda na san shi ya fi jan hankalinki, yana da daɗi kuma yana da ciwo. A shekarar farko ta shirin, tashar Fox ta hana Nancy hira da 'yan jarida, don ba sa so a san mace ce Bart, alhali ana ta sayar da riguna masu hoton yaron. Ni kuwa na taɓa zama a adaidaita sahu, mata biyu a gefena suna musu kan yaron raken nan, ɗaya tana rantsuwa ta san unguwarsu, wai maraya ne. Ina riƙe da ledar cefanena ban ce uffan ba. Na ji daɗi har raina. Amma wannan rashin sanin shi ne ke sa a raina ki wajen biya. Jarumar fim in ta yi fushi ta tafi, 'yan kallo za su tambaya. Ke in kin tafi, furodusa yana ganin gobe zai samo wata.

To, kuɗi. Kada ki auna da Nancy, za ki sa wa kanki hawan jini. Har zuwa 1998 ana biyan manyan masu muryar shirin dala 30,000 kowane kashi. Da suka nemi ƙari, tashar ta yi barazanar sauya su, har ta fara shirin neman wasu. Suka tsaya tare, aka koma dala 125,000. A 2008 ya kai 400,000, a 2011 aka rage musu zuwa wajen 300,000. Abin da ya ba su wannan ƙarfin shi ne kansu a haɗe yake, akwai ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa a bayansu, kuma komai a rubuce yake. Mu nan yawanci da baki ake yi. Na taɓa yi wa wani kamfani talla, aka ce na wata uku ne, aka ba ni abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Shekara uku ina jin kaina a rediyo ina yabon kayansu. Da na yi magana aka ce ai an biya ni. Laifina ne, ban nemi takarda ba, kunya ta hana ni. Ke kada ta hana ki: wata nawa za a sa, a tasha nawa, rediyo kaɗai ko har intanet. Yanzu ma an ƙara wani sabon abu, kwamfuta na iya koyon muryar mutum ta riƙa magana da ita, yana cikin abubuwan da suka sa 'yan wasan Amurka yajin aiki a 2023. Duk takardar da ta ce sun mallaki muryarki su yi yadda suka so, ki kai wa wanda ya san doka ya duba kafin ki sa hannu.

Ana cin abinci da ita a nan? Ana ci, amma ban ga wadda ta dogara da ƙofa ɗaya ba. Ana haɗawa ne: wasan rediyo, talla, shirye-shiryen ƙungiyoyin lafiya, karanta littattafan Hausa ga masu saurare a YouTube, da fassarar fina-finan Indiya. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne wuya a wurina. Bakin jarumar ya buɗe sau uku ya rufe, ke kuma jimlarki ta Hausa tana da gaɓa tara, dole ki datse ta ta shiga ba tare da ma'anar ta zube ba, idonki a kan leɓenta, kunnenki a kan kukanta. Ga ɗakin a toshe da soso, an kashe fanka don makirfo na kama ƙararta, a watan Afrilu. Ki cire warwaro da 'yan kunne masu lilo kafin ki shiga. Ki ci wani abu, don kukan ciki ma yana shiga, mun sha dariya kan wannan da azumi. Ruwan sanyi kuwa ki yi sallama da shi ranar aiki, kuma in muryar ta dishe ki yi shiru, kada ki yi ta raɗa, raɗa ma gajiyar da maƙogwaro take.

Sai maganar Baba. Ki zauna da shi ki ji ko fuskar ce kaɗai damuwarsa ko har da muryar da zuwa situdiyon, don wasu iyayen a nan ma suna da magana. Kada ki yi a ɓoye da tunanin ba za a gane ki ba. Duniya ba za ta gane ki ba, amma gwaggonki za ta gane ki a kalma ta biyu. Ni yayana ne ya riƙa raka ni watannin farko, yana zaune a waje yana gyangyaɗi, har hankalin gida ya kwanta.

A wannan makon ki ɗauki shafi ɗaya na kowane littafin Hausa da ke da hirar mutum biyu, tsohuwa da jikanta misali. Ki shiga ɗaki, ki rufe ƙofa, ki naɗa a wayarki kina yin su duka biyun. Ki bari sai washegari ki saurara, ido a rufe, ki ga ko za ki iya bambance su ba tare da an faɗi suna ba. Za ki ji kunyar kanki, kowa ma ya ji. Ki sake. In kin yi na biyar ki turo min in ji, amma don Allah ki kashe fanka.