Amsoshin Tambayoyinku: Jesin Soto, Katin Yaro Mai Tasowa da Tikitin Kaka

Sanyi ya shigo New York, an rufe filayen besbol, amma yanzu ne kasuwar 'yan wasa take ci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙungiyoyi suke saye da sayarwa, su sallami wannan su ɗauko wancan, kuma a daidai wannan lokaci ne 'yan'uwanmu na Bronx da Harlem suka fi rubuto mini, domin 'ya'yanmu da aka haifa a nan sun ja iyayensu cikin wasan da ƙarfin tsiya. Ga abin da na zaɓo a wannan makon.

Wani direban tasi daga Bronx ya ce: "Na saya wa ɗana jesin Juan Soto na Yankees, ba a shekara ba mutumin ya koma Mets. Yanzu yaron ya ƙi sa rigar. Ta wa zan saya da ba zan sake yin asara ba?"

Ɗan'uwa, tun ranar da Yankees suka karɓo Soto daga San Diego a Disambar 2023 kowa ya san shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Ya cika ta, Mets suka ajiye masa dala miliyan 765 na shekara 15, ya tsallaka Queens. Kafin ka sayi rigar ɗan wasa, duba saura shekara nawa a takardarsa. Aaron Judge na Yankees ya sa hannu a Disambar 2022 kan shekara 9, dala miliyan 360, wato lamba 99 tana nan har 2031. In kana son wadda ba za ta taɓa tsufa ba, sayi lamba 2 ta Derek Jeter, an jingine ta, ba mai sake sa ta. Ka guji ta sabon yaro tukuna: Jasson Domínguez da lamba 89 ya fara, daga baya ya koma 24. Kuma ka sayi mai ɗan girma, yaro ba ya jiran riga.

Wani kuma ya ƙara da cewa ya ga jesi "na asali" a dala 35 a kan tebur a bakin titi, shin ya ɗauka?

Na asali a dala 35? Wanda aka yi wa magoya baya ma ya haura dala 100 a shago, irin wanda 'yan wasa ke sawa kuwa ya haura 300. In ka san jabu kake saye don yaro ya yi wasa da shi a tsakar gida, tsakaninka da aljihunka. Amma kada mai tebur ya ce maka irin na fili ne alhali ga suna ɓaro-ɓaro a baya. Yankees ba sa rubuta suna a bayan rigar da suke wasa da ita, lamba ce kawai. Ka juya cikin rigar ka dubi ɗinkin lambar, in ka ga zare yana reto da farin ƙyalle da ba a yanke ba, wanki biyu zai ba ka labari.

Wani matashi mai aiki a gidan ajiyar kaya a New Jersey ya rubuto doguwar wasiƙa. Takaice dai, ya ɗauki adashensa, dala 4,000. Abokansa sun ce ya zuba a katin Bowman, irin katin hoton ɗan wasa da ake tarawa ana sayarwa, na wani yaro ɗan shekara 18 da ake cewa shi ne na ɗaya cikin masu tasowa a ƙungiyarsa, wai kafin yaron ya hau babbar gasa kuɗin zai ninka. Yana tambaya: "Yaya ake gane yaron da zai yi fice?"

Ƙanena, zauna, domin wannan ita ce tambayar da ta fi damuna duk shekara, kuma ba kai kaɗai ka aiko ta ba.

Bari in fara ba ka abin da ka tambaya. Masu farautar 'yan wasa suna ba da maki daga 20 zuwa 80 a kan kowace baiwa: iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili da ƙarfin hannu. Maki 50 shi ne matsakaicin ɗan babbar gasa. Bayan maki sai a dubi shekarun yaro da matakin da yake. A Yankees tsanin yana farawa daga Tampa, ya hau Hudson Valley, ya hau Somerset, ya hau Scranton, sannan Bronx, inda babbar ƙungiyar take. Ɗan shekara 20 da yake riƙe kansa a Somerset ya fi ɗan shekara 24 da yake ragargazar yara a Tampa, ko da lissafin na biyun ya fi kyau a takarda. Somerset ɗin nan, wato mataki na biyu daga sama, a nan ake tankaɗe da rairaya, domin a nan mai bugu yake fara haɗuwa da masu jifa da suka iya lanƙwasa ƙwallo su sa ta inda suke so. Sai kuma ka dubi sau nawa yake kai sanda ya sami iska. Wanda ake fitarwa ta haka sau ɗaya cikin uku tun yana ƙasa, in ya hau sama abin ƙaruwa yake, sai wanda Allah ya keɓe. In mai jifa ne, ka ƙara da gwiwar hannu, domin tiyatar jijiyar nan da ake kira Tommy John tana zaunar da mutum shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A ƙarshe ka lura da abin da ƙungiyar kanta take yi da shi. In lokacin kare shi ya yi a Nuwamba ba su sa shi cikin jerin mutum 40 da ƙungiya ke karewa ba, sun yarda wata ƙungiya ta ɗauke shi a Disamba a kan dala dubu 100 ke nan. Su da suke ganinsa kullum haka suka kimanta shi.

To, ka san duk wannan. Masu ƙungiya sun fi ka saninsa sau dubu, suna da likitoci da na'urori da ma'aikata a kowane fili, amma ga abin da yake samunsu. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1991 Yankees suka zaɓi Brien Taylor na farko a duk Amurka, suka ba shi dala miliyan 1.55. A 1993 ya ji rauni a kafaɗa wajen wani faɗa, har ya bar wasa bai taka babbar gasa ba. A 2011 mujallar Baseball America ta jera Jesús Montero na uku a duk masu tasowa, Bryce Harper da Mike Trout kaɗai ke gabansa. An ba da shi ga Seattle a farkon 2012, zuwa 2015 ya buga wasansa na ƙarshe a sama. A zaɓen 2013 Mark Appel ne na ɗaya, sai 2022 ya samu ya fara bugawa a babbar gasa yana ɗan shekara 30. A wannan zaɓen ne aka bar Aaron Judge har lamba ta 32. Shi Judge ɗin ma da ya fara a 2016, cikin tsayuwa 84 an fitar da shi sau 42 saboda kasa bugun ƙwallo, mutane suka yi ta taɓe baki, shekara na zagayowa ya fitar da ƙwallo bayan shinge sau 52.

Ƙungiya tana iya jure irin wannan kuskure saboda yara fiye da ɗari take riƙe da su a lokaci guda. In biyu ko uku suka fito, ta ci riba. Kai kuwa yaro ɗaya za ka ɗora wa adashenka gaba ɗaya. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Kuma ko yaron ya fito, ba shi ke nuna katin zai yi riba ba, domin farashin da za ka biya yau an riga an zuba masa duk mafarkin mutane a ciki. Domínguez ya sa hannu a 2019 yana ɗan shekara 16 a kan dala miliyan 5.1. A 2022 aka sayar da wani katinsa, wanda guda ɗaya tak aka buga, dala dubu 474, alhali bai wuce matakin Tampa ba. Ya hau babbar gasa ranar 1 ga Satumba 2023 a Houston, karonsa na farko ya fitar da ƙwallon gwanin jifa Justin Verlander bayan shinge, gari ya ɗauka. Ba a yi sati biyu ba gwiwar hannunsa ta tashi, sai tiyata. Yaron bai yi wa kowa laifi ba, amma wanda ya sayi kati a irin wancan farashi sai Domínguez ya zama ɗaya daga cikin gwanayen tarihi kafin uwar kuɗinsa ta dawo.

Za su kawo maka labarin katin Mike Trout da ya kai dala miliyan 3.9 a 2020, ko na Paul Skenes da ya haura miliyan ɗaya a 2025. Gaskiya ne. Kati ɗaya-ɗaya ne a duniya. Naka da ake buga irinsa ɗaruruwa ba danginsu ba ne.

Ban ma zo kan jabu ba, wanda shi ne ya fi ƙona mini rai. Ana kwaikwayon sa hannu. Ana datse gefen kati da reza don ya yi kamar sabo. Hatta robar da kamfanonin tantancewa irin PSA ke rufe kati a ciki an koyi ƙera ta. In ka nace sai ka saya, ka ɗauki lambar da ke jikin robar ka duba a shafin kamfanin, ka tabbata bayanin da ya fito na katin da ke gabanka ne, in akwai hoto ka gwada su. In ƙwallo ce ko riga mai sa hannu, nemi ɗan tambarin nan mai ƙyalli na MLB, wato hukumar babbar gasa, wanda suka fara liƙawa tun 2001 bayan FBI ta bankaɗo masu buga sa hannun bogi, shi ma lambarsa ana duba ta. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta Zelle ko Cash App don ya rage maka, ya san in ka tura ba mai dawo maka da su. Su kuma masu buɗe kwali kai tsaye a intanet, a ce ka biya dala 60 a juya ƙuri'a a ba ka ƙungiya, in kati ya fito naka ne, in bai fito ba ka haƙura, ku daina ce mini jari ne. Caca ce, an dai sa mata hula. Ranar da ka tashi sayarwa kuma, eBay za ta cire fiye da kashi 10 cikin ɗari, ga kuɗin tantancewa ga na aikawa.

Kuɗin adashe kuɗi ne da za ka ci gaba da zubi bayan ka kwasa. Ka cire dala 50, ka sayi katin yaron mara sa hannu, ka ajiye don jin daɗi. Sauran ka san inda ake jiransu, a nan da kuma gida.

Wani dattijo daga Harlem ya tambaya ko wauta ce Yankees suka yi da suka ba da mutum biyar don Soto na shekara ɗaya.

Ranka ya daɗe, ni ban ga wauta ba. Sun ba da Michael King, Drew Thorpe, Jhony Brito, Randy Vásquez da Kyle Higashioka, kuma King ya yi wa San Diego aiki sosai a 2024, wannan ya yi ciwo. Amma Soto ya fitar da ƙwallo bayan shinge sau 41 a kakar, kuma bugunsa a zagaye na goma a Cleveland ne ya kai su wasan ƙarshe karo na farko tun 2009. Dodgers sun doke su, sun ci wasa 4 su kuma 1, haka ne. Sai dai ƙungiyar da take da Judge yana kan ganiyarsa ba ta da dalilin rungume yara tana jiran shekara biyar. Da ƙaramar ƙungiya ce mai lissafin kowace dala ta yi haka, da na ce an yi ganganci.

Wata baiwar Allah daga Bronx ta rubuto cikin damuwa. Ɗanta ɗan shekara 14 yana jifa da kyau. Wani mai horarwa ya ce ta biya dubban daloli a shekara don ya shiga ƙungiyar da ke yawon gasa, in ba haka ba masu farauta ba za su gan shi ba. Aikin kula da tsofaffi take yi, ta ce ba ta barci saboda tsoron kada talaucinta ya tare wa yaron hanya.

Hajiya, kwantar da hankalinki, ba ki tare masa komai ba. Uwar da take tunanin nan cikin dare ba ta gaza ba. A shekara 14 babu wanda zai iya ce miki ga inda yaro zai kai, kin ga dai yadda ƙwararru ke kuskure a kan 'yan shekara 21. Zaɓen 'yan wasa zagaye 20 ne a shekara, kimanin mutum 600 ke nan daga Amurka da Kanada da Puerto Rico, kuma akasarinsu ba sa kaiwa sama. Ki bar shi ya buga wa makarantarsa. Ki tambayi shirin RBI da MLB ke gudanarwa don yaran cikin birni, akwai shi a New York, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar wanda aka yanka miki ba. Abin da za ki tsare da gaske hannunsa ne: kada ya yi jifa shekara cur ba hutu, kada ya yi wa ƙungiya biyu jifa a mako ɗaya, in ya ce gwiwar hannu na ciwo a tsaya a ga likita, ko mai horarwa ya ɓata rai. Ki tsare masa maki a aji kuma, domin ta jami'a ake samun tallafin karatu. In mai horarwar ya ce ya ba ki tabbacin za a ɗauki yaron, ki ce ya rubuta ya sa hannu, za ki ga ya sauya magana. Allah ya raya miki shi.

Wani ya ce in faɗa masa wanda zai ci kofin baɗi, yana son ya sa kuɗi a manhajar waya.

Malam, nan ba gidan duba ba ne. Wasa 162 ake bugawa kafin ma a fara maganar kofi.

Na ƙarshe: wani magidanci yana son ya biya tikitin kaka na Yankees tun yanzu, kafin a san wanda ƙungiya za ta ɗauko.

Wasa 81 ake yi a gida, kai kuma aikin dare kake yi kwana biyar a mako. Nawa za ka je? Masu sayar da tikitin sun fi matsa waya a Disamba saboda lokacin ne ake ta raɗe-raɗin manyan sunaye. Ka jira. A Afrilu, ranar Talata ko Laraba da sanyi, tikitin sama yana faɗuwa warwas a shafukan da ake sake sayarwa, ka hau jirgi lamba 4 ka sauka a titi na 161. Tikitin yanzu a waya yake, cikin manhajar MLB Ballpark, saboda haka wanda ya tare ka a River Avenue da takarda ko hoton tikiti ka wuce shi. In kuwa yaran da ake ta magana a kansu kake son gani da idonka, Somerset tana Bridgewater a New Jersey, yaran Mets kuma suna Coney Island a Brooklyn. Da kuɗin kujera ɗaya mai kyau a Bronx za ka shigar da iyalinka duka, ku zauna dab da fili.