Wa ya ɗauki bidiyon haihuwar garkunan taurari?

Tambaya: Malam, na kalli wani bidiyo a YouTube da ke nuna yadda garkunan taurari, wato manyan tarin taurarin da ake kira galaxy, suka taru tun farkon sararin samaniya. Wa ya ɗauka? In kuma kwamfuta ce ta zana, me zai sa mu yarda? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ƙanena, babu wanda ya ɗauka, domin abin ya ci shekara biliyan 13.8. Lissafi ka gani. Masana kan ba kwamfuta yanayin sararin samaniya yana ɗan shekara 380,000, wanda aka auna daga tsohon hasken da ya rage tun lokacin, su haɗa mata da dokar jan nauyi da yadda iskar gas ke zafi da hucewa, sai su sake ta.

Aikin ya daɗe. A 1941 Erik Holmberg na Suwidin ya jera ƙwan lantarki 74 a madadin garkuna biyu, yana auna haskensu a matsayin ƙarfin ja. Haƙurin mutumin nan yana burge ni har yau. Zuwa 2005 wani lissafin kwamfuta mai suna Millennium a Jamus ya bi sawun ɗigo sama da biliyan 10, kowanne a madadin wani dunƙulen abu mai nauyi.

Tambayarka ta biyu ce ta fi min daɗi, kuma shakkarka tana kan hanya. A 2012, cikin gwajin Aquila, an ba ƙungiyoyi daga ƙasashe daban-daban mafari iri ɗaya, suka lissafa da manhaja 9. Garkunan da suka fito sun sha bamban ƙwarai: wani taurari sun yi masa yawa, wani kaɗan. Dalili kuwa, fashewar manyan taurari da baƙin ramin da ke tsakiyar garke (wuri mai tsananin jan nauyi da ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa) suna korar gas, amma sun yi wa ma'aunin kwamfutar ƙanƙanta, don haka kowace ƙungiya da tata dabarar kintace. Shi ya sa nake girmama haɗakar AGORA, wadda ta fara a 2012 ɗin a Santa Cruz ta Amurka, inda masu manhajoji mabambanta ke maimaita gwaji ɗaya suna binciken juna.

Alƙalin ƙarshe madubin hangen nesa ne. Madubin James Webb, da aka harba sararin samaniya a Disamban 2021, ya hango garkuna masu haske tun da wuri fiye da yadda aka zata, kuma masana sun koma gyaran lissafinsu.