Mace na iya jagorantar makaɗa?

Hajiya, kin tambaya ko 'yarki za ta iya jagorantar babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa, ko aikin maza ne. Za ta iya sarai. Marin Alsop ta karɓi ragamar ƙungiyar makaɗa ta birnin Baltimore na Amurka a 2007, a 2013 kuma ta zama mace ta farko da ta jagoranci daren rufe babban bikin kiɗa na Proms a Landan.

Sai dai ba da 'yar sandar nan da jagoran makaɗa ke kaɗawa ake farawa ba. Sai 'yarki ta koyi fiyano da karatun rubutun kiɗa tukuna. A Wusasa na ga wata uwargida, da ɗaga yatsa kawai take tsayar da mawaƙan coci cak, amma ta shekara da shekaru a kan fiyano. In yarinyar ta yi nisa, akwai makarantar koyon kiɗa ta MUSON a Legas.