Amsa: Me zan shuka ya ciyar da dabbobi, ya kuma farfaɗo da gona?

Ɗan'uwa, ka ce kana noman masara da dawa, kana da tumaki da 'yan shanu, amma da rani ya yi nisa sai su rame duk da tulin karan da ka tara, gonar kuma ta fara gajiya. Matsalar tana cikin karan. Furotin, wato sinadarin gina jiki, na busasshen karan dawa bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ba, alhali tumbin dabba na bukatar kusan kashi 7 kafin ya narkar da abinci sosai. Shi ya sa ciki yake cike, jiki na zubewa. Harawa ce maganin wannan.

Mafi sauƙi ka fara da wake mai ba da ƙwaya da harawa. Tsarin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano ta yaɗa shi ne kunya biyu na hatsi, huɗu na wake, don waken ya samu rana.

In ganye kake so da yawa, nemi irin lablab, wani nau'in wake mai yaɗo, ka fara tambaya a NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika, Zariya. Kada ka shuka shi rana ɗaya da masara, zai haye ta ya kwantar da ita. Jira ta kai mako 4 zuwa 6, sannan ka bi tsakanin kunya, ƙwaya biyu a rami. Ka sa masa takin sufa. Yuriya ba ta da amfani gare shi, don saiwarsa ce ke samar da sinadarin naitirojin da yuriya ke bayarwa. Tumɓuke gindi ɗaya ka fasa ƙullutun da ke jikin saiwar: in cikinsu ja-ja ne, aiki na tafiya.

Wurin yanka ake yin asarar da ta fi ciwo. Amfanin yana cikin ganye, mutane kuma sai su bari ya bushe ƙayau a gona, ganyen ya kakkaɓe, su kwaso tsirarar jijiya. Yanka lablab da ya fara fure, ka bar shi ya sha iska kwana biyu zuwa uku kana juyawa, ka ɗaure da sassafe tun da sauran raɓa. Ɗora shi kan rumfa, nesa da gara da ruwan bazara, don harawar da ta yi fumfuna tana cutar da dabba.

Rago ya samu kamar rabin kilo a rana, saniya mai tatsa kilo biyu, a kan karan da aka daddatsa. Ɗanyen ganye kuwa kada a ba dabba da yawa a kan yunwa, yana kawo kumburin ciki.

Game da gonar: in ka kwashe harawa kakaf, mafi yawan albarkar ta bi ta gida. Dole ka tara takin turke a inuwa, ka mayar gonar kafin ruwan shuka, sannan baɗi ka sa masara inda wake ya tashi.